Gini a Bakin Iyaka: Kundin Aikin Wani Bene a Yamai

13 ga Janairu, 2025

Filin yana unguwar Niamey 2000. Faɗinsa mita 15 ta bakin titi, zurfinsa mita 20, wato murabba'in mita 300. Titi yana yamma. Arewa gidan wani dattijo ne, katangarsa ta laka ce da aka yi wa yaɓen siminti. Kudu katangar bulo ce. Gabas fili ne da ba a taɓa ba. Abin da za a gina bene ne mai hawa ɗaya, kuma tunda wurin ba yalwa gare shi ba, dole ginin ya matsa kusa da iyaka ta ɓangare uku.

Ba mu yarda a sauke ko mota ɗaya ta yashi ba sai da mai awon filaye mai izini ya zo da takardar fili da taswirar rabon unguwa. Cikin duwatsun iyaka huɗu, biyu ne suke inda aka dasa su. Ɗaya ya ɓace, ɗaya kuma motocin yashi sun ture shi, wani ya mayar da ido.

Fili mai 15 da 20 yana da sauƙin dubawa: idan kusurwoyinsa daidai suke, awo daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace zai ba da mita 25 cif ta kowane ɓangare. Ɗayan ya ba da 25. Ɗayan, da aka auna zuwa jikin katangar arewa, ya ba da 24.89. Na'urar mai awo ta tabbatar: katangar dattijon ta tashi daidai a bakin titi, amma tana tafiya tana shigowa, har ta ci santimita 18 a ƙuryar baya. Idan an lissafa, murabba'in mita 1.8 ke nan.

22 ga Janairu

Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya ba kowane mai fili damar neman maƙwabcinsa a yi awon iyaka tare, a raba kuɗin awon. Aya ta 646 ke nan. Don haka aka sake awon yau a gaban maƙwabtan uku da mai unguwa, kowa na kallon inda turke ya sauka. Awon da aka yi bayan idon maƙwabci, ko daidai ne, gardama yake haifarwa.

Dattijon ya daɗe yana duban igiyar da aka ja ta bi gindin katangarsa ta shige cikin laka. Ya ce: “Malam, magina ne suka ja ta, ni ban san ta kauce ba. Ku faɗi abin da kuka ga ya dace.” Mai filin ya ce: “Baba, ba za a taɓa muku katanga ba. A rubuta kawai.”

Aka rubuta abu uku: dattijon ya amince cewa tsirin nan na santimita 18 ba nasa ba ne, katangar za ta zauna yadda take, ranar da za a sake gina ta, a mayar da ita kan layi. Kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, kowane gida ya riƙe kwafi.

Rubutun nan ba ƙawa ba ne. Filin da aka yi wa rajistar mallaka ta dindindin bisa tsarin dokar 26 ga Yulin 1932, daɗewar wani a kansa ba ta mallaka masa shi. Wannan kuwa takardar sayarwa ta hukumar gari kaɗai gare shi tukuna, kuma a dokar farar hula wanda ya riƙe wuri a bayyane shekara 30 ba a yi masa magana ba yana iya kafa hujja da hakan. Iyayen da suka fahimci juna yau, ƴaƴansu ne za su yi rabon gado gobe. Mun shawarci mai filin ya fara neman rajistar dindindin tun yanzu.

5 ga Fabrairu

An gyara zane. Tsarin birane yana ƙarƙashin doka mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilun 2017, gini da muhalli kuma ƙarƙashin mai lamba 2018-25 ta 27 ga Afrilun 2018. Tazarar da za a bari daga titi da gefuna kuwa ana duba ta ne a ƙa'idojin rabon unguwar da kuma takardar izinin gini, don haka kada wani ya kwafi ta gidan abokinsa da ke wata unguwa.

Ra'ayinmu a kan gefen gini ɗaya ne: ko dai a hau kan layi da bango marar taga, ko a ja baya sosai yadda mutum zai wuce da baro. Mafi munin zaɓi shi ne ɗan lungun nan na santimita 40 ko 50 da ake bari wai don kunyar maƙwabci. Magini ba ya iya shiga ya yi yaɓe, tsintsiya ba ta kaiwa, leda da ganye su taru su riƙe damshi, ɓeraye da kunamu su samu gida, bangon biyu su riƙa ruɓewa daga gindi ba mai gani.

Saboda haka: kudu, bango a kan layi, ba taga. Arewa da gabas, an ja baya mita 2.10. Gaba an bar tsakar gida mai zurfin mita 6.90. Ginin ya tashi 12.90 da 11. An kai takardun neman izini.

10 ga Maris

Izini ya fito. An ja igiyoyi daga duwatsun iyaka, ba daga jikin katangun maƙwabta ba. Azumi ya kama, aiki daga bayan asuba zuwa sha biyu.

Maƙwabcin kudu ya kawo shawara da kyakkyawar niyya: a yi amfani da katangarsa ta zama ta tarayya, a huta da sayen bulo. Doka ta san da wannan. Aya ta 661 ta ce wanda filinsa ya haɗu da bango yana iya mayar da shi na tarayya idan ya biya rabin ƙimar bangon da rabin ƙimar ƙasar da yake kai. Hadisin Abu Huraira ma ya ce kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Amma azarar rumfa daban, nauyin bene daban. Mun tona gindin katangar a wuri biyu: harsashinta santimita 50 ne, bulon mai rami ne na santimita 15, wanda aka buga da ƙarancin siminti har ana kankare shi da farce. Aka yi masa godiya, aka nuna masa ramin, shi da kansa ya janye maganar.

18 ga Maris

Nan ne aikin yake. Iyaka ba ta tsaya a saman ƙasa ba, tana nutsewa ƙasa tana kuma tashi sama, kuma yawancin shiga haƙƙin maƙwabci a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa, inda ba ya gani.

Ginshiƙi mai santimita 20 da 20 da ya zauna a tsakiyar tushe mai faɗin mita ɗaya, tushen yana fita santimita 40 ta kowane gefe. Idan ginshiƙin a kan layi yake, santimita 40 na kankare sun shiga ƙarƙashin filin wani. Ranar da ya zo haƙa nasa harsashin zai ci karo da shi, kuma yana da iko ya nemi a fasa. Fasa tushen bene bayan an gama shi kowa ya san abin da yake nufi.

Abin da ake yi shi ne tushe mai ƙafa ɗaya: ginshiƙin ya zauna a bakinsa, duk faɗin ya dawo cikin filinmu. Na nan santimita 90 ne zuwa ciki, 160 bin layi, kauri 35. Sai dai tushe irin wannan nauyi yana danna shi ta gefe ɗaya, yana son ya kife. Maganinsa katuwar gadar kankare mai 20 da 50 da za ta ɗaure shi da tushen ginshiƙin ciki, mita 4 daga nan, yadda nauyin na cikin zai danne shi.

Ga inda masu ɗaurin ƙarfe suke kuskure. A gadar da ke ɗauke da dal, wato rufin kankare, manyan ƙarafa a ƙasa suke. A wannan kuwa saman ne ke miƙewa, don haka manyan a sama suke: lamba 14, wato mai kaurin milimita 14, guda uku a sama, lamba 12 guda uku a ƙasa, zobba na lamba 8 kowane santimita 15. Cikin huɗu da aka ɗaura, biyu hannu ya bi sabo an juya su. An kwance an sake kafin zubi. Waɗannan lambobi na ginin nan ne da ƙasarsa, injiniya ya lissafa su, ba na kowane gini ba ne.

Kwaɓi: buhu 7 na kilo 50 a kowane mita kubik ɗaya na kankare (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), wato kilo 350, da yashi lita 400 da tsakuwa lita 800. A aikace, buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa. Simintin Malbaza ne. Ƙarƙashin tushe an shimfiɗa kankare marar ƙarfi mai kaurin santimita 5, an kuma ɗaga ƙarfe santimita 5 da ƴan ƙwallayen siminti don kada ya taɓa ƙasa ya yi tsatsa.

21 ga Maris

Zurfin ramukanmu mita 1.20 ne, harsashin maƙwabci 0.50, bambanci santimita 70. Ƙa'idar aiki ita ce tsakanin tushe biyu da ba su yi zurfi ɗaya ba, kowane 2 na zurfi a ba shi 3 na nisa. A nan sai an bar mita 1.05, mu kuwa a manne muke. Shi ya sa aka tsara haƙa rami ɗaya a tsallake ɗaya, a tokare gefen da ke jikin katanga da katako, a zuba kankare a ranar, ba a barin rami ya kwana a buɗe.

Jiya an saɓa. Rami na uku ya kwana saboda tsakuwa ta ƙare, kuma an bar tiyon jiƙa bulo yana zuba kusa da shi. Yashi mai ɗan damshi yana ɗan tsayawa, jiƙaƙƙe sosai kuwa zubewa yake. Da safe gefen ramin ya zame, ƙarƙashin harsashin katangar ya zama kogo mai tsawon kamu biyu, tsaga mai faɗin milimita 3 ta hau bin layin bulo kamar matakala.

An kira mai katangar tun kafin ya gani da kansa. Da izininsa aka tokare katangar da sanduna ta ɓangarensa, aka cusa kankare mai tauri a kogon har ya cika, aka zuba tushen. An manna ɗan yaɓen farar ƙasa a kan tsagar wuri uku, an rubuta kwanan wata a jiki: idan ya tsage, katangar tana ci gaba da motsi. Gyara a kan mai gini yake, ba musu. Hotunan da aka ɗauka na katangun duka kafin a sa diga sun raba tsohuwar tsaga da sabuwa, ba wanda ya ɗaga murya.

14 ga Afrilu

Yaɓen shaida bai tsage ba cikin kwana 24. An buɗe tsagar an cike ta.

Bangon kudu yana hawa. Tsakaninsa da katangar maƙwabci an sa farin allon kumfa mai kaurin santimita 2, irin wanda ake naɗe firji da shi, kuma kaurin nan daga filinmu aka cire shi. Ba ƙarfe ko ƙusa ɗaya da ya haɗa su. Bene zai ɗan zauna a shekarunsa na farko, idan an ɗaure shi da katanga marar nauyi sai ya ja ta. Tunda bayan bangon ba zai samu yaɓe ba har tsayin katangar, an yi amfani da bulo marar rami, ana cika kowane layi da kwaɓi ana shafe shi tun daga sama kafin a ɗora na gaba. Bakin tsakanin za a rufe shi da lanƙwasasshen kwano da aka kafa a bangonmu kaɗai.

6 ga Mayu

Kafin kafintoci su hau katakon dal, an kafa zana mai tsayin mita 2 a kan sanduna ta arewa da kudu. Wanda ya tsaya a mita uku daga ƙasa, tsakar gidan mutane a tafin hannunsa take: madafa, igiyar shanya, ƙofar makewayi, matan gida cikin zafin Mayu. An gaya wa leburori ba mai hawa sai an yi sallama an ba da lokaci, ba kuma mai ɗaga waya a sama. An zuba dal, za a riƙa jiƙa shi safe da yamma har mako guda, sandunan tokari su zauna kwana 21.

3 ga Yuni

Tagogin sama. Dokar farar hula ta ba da lambobi: tagar da ke kallon filin maƙwabci kai tsaye, ko baranda, sai da tazarar mita 1.90 (aya ta 678). Wadda sai an leƙa an karkata, santimita 60 (aya ta 679). Ana aunawa daga fuskar bango ta waje, ko daga bakin baranda idan akwai, zuwa layin iyaka. Mutane da yawa suna aunawa daga bango su manta barandar ta fito mita ɗaya. Namu 2.10 ne kafin yaɓe, 2.08 bayansa.

A bangon da ke kan layi ba a buɗe taga, sai kafar haske da ba ta buɗuwa, kuma aya ta 677 ta ce ta kasance mita 2.60 daga daɓe a hawan ƙasa, 1.90 a sama. Matakala tana buƙatar haske, aka jera bulon gilashi shida a tsayin mita 2. Mai gida ya sani cewa ranar da maƙwabci ya tashi nasa benen zai iya toshe su.

Amma mita 1.90 ba ta tare ido. An yi lambar ne don wata ƙasa mai wani irin zama. A nan rayuwar gida a tsakar gida ake yin ta. Mun tsaya a inda zane ya sa tagar ɗakin arewa, ƙasanta mita ɗaya daga daɓe: tabarmar dattijon da buta a gefenta, har ƙwaryar da ake tankaɗe a ciki, duk ana gani. Doka ba ta hana ba, mu ba mu yarda ba. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta faɗe shi ƙarara a ƙarƙashin “ba cuta ba cutarwa”: kada mutum ya buɗe tagar da zai riƙa tsinkayar maƙwabcinsa ta ciki, ko ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi ko da a cikin mallakarsa ne.

An ɗaga ƙasan tagogin arewa zuwa mita 1.75, an faɗaɗa su zuwa 1.60 da tsayin santimita 60. Iska ba ta ragu ba, don zafi sama yake taruwa, ta nan yake fita. Manyan tagogi sun koma yamma, suna kallon tsakar gidanmu da titi. Injinan sanyaya ɗaki ma can za a rataye su, kada su riƙa ɗiga ko hura zafi gidan wani.

24 ga Yuni

Ramin shadda. Yawancin unguwannin Yamai ba su da babban bututun ƙazanta, kowane gida da raminsa, kuma an saba a kai shi ƙurya a manna da katanga don ya yi nesa da ɗaki. Nesa da ɗakinka, kusa da na wani. Ruwan da ke tsotsewa daga gologo, wato ramin tsotsewa, yana jiƙa gindin katangar laka har ta zauna.

Akwatin shadda na kankare ne, an yi masa yaɓe biyu ciki don kada ya yoyo, yana kusa da ƙofar gida yadda motar zuƙa za ta kai. Ramin tsotsewa yana tsakiyar tsakar gida, fiye da mita 3 daga iyakar kowane maƙwabci, mita 4 daga gini. An tambayi gidajen kewaye, ba mai rijiyar sha a cikin mita 30. Ba za a fitar da komi titi ba.

Mai gida yana son dogonyaro biyu. Itacen da zai wuce mita 2 a tsayi ana dasa shi mita 2 daga iyaka, ƙananan kuwa santimita 50 (aya ta 671). Dogonyaro saiwarsa tana bin damshi, za ta nemi ramin. An tsaya a kan guda ɗaya a kusurwar arewa maso yamma, da lemun tsami a madadin ɗayan.

15 ga Yuli

An gama dal na sama da rawaninsa, wato bangon da ke kewaye bakin rufin. Rufin murabba'in mita 142 ne. Ruwan milimita 50, wanda hadari ɗaya na Agusta yake iya saukewa, lita 7,100 ne a kan rufin nan, fiye da ganga 35 ta lita 200. Aya ta 681 ta ce ruwan rufinka ya zuba a filinka ko a hanyar jama'a, ba a na maƙwabci ba. Indararo ɗaya da ya kalli katangar laka ya isa ya kayar da ita a damina guda, kuma bayan yawan gidajen da suka rushe a daminar 2024 ba wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani.

An karkata rufin santimita 2 a kowace mita zuwa yamma. Lissafin da muke bi shi ne kowane murabba'in mita na rufi a ba shi murabba'in santimita ɗaya na bakin bututu. Bututu mai faɗin milimita 100 yana ɗaukar kusan 78, biyu sun isa a takarda, mun sa uku saboda leda da ganye. Kowanne da ragar ƙarfe a baki. Akwai kuma kafar ko-ta-kwana santimita 5 sama da su, tana zuba cikin tsakar gidanmu, inda za a gani a san bututu ya toshe.

Tunda za a riƙa kwana a saman lokacin zafi, rawanin arewa da kudu da gabas mita 1.80 ne, da ƙaramin ginshiƙi kowace mita 3 da ɗaurin kankare a kai, don hadarin nan daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Kan rawanin an karkata shi ciki.

Saura ruwan ƙasa. An yi wa filin cikon jar ƙasa santimita 40, yanzu ya fi gidan dattijon tudu, kuma aya ta 640 ta hana na sama ya ƙara wa na ƙasa nauyin ruwa da aikin hannunsa. Lungun arewa an yi masa daɓen kankare da ya karkato wajen gininmu, da kwata mai faɗin santimita 20 da ke fita titi. Cikon bai jingina da katangar laka ba, an yi masa ɗan bangon bulo nasa.

Yau an gwada: an hau da ganga biyar an juye a ƙuryar gabas. Ruwan ya bi hanyarsa, sai wani wuri mai faɗin tabarma kusa da bututu na biyu da ya kwanta kaurin yatsa. An zagaye shi da alli, gobe za a cike.

21 ga Yuli

Yaɓen bangon kudu daga saman katanga zuwa rawani ba ya yiwuwa sai an kafa katakon hawa a gidan maƙwabci. Wannan roƙo ne, sai ya yarda. Ya ba da kwana huɗu daga Litinin mai zuwa, ƙarfe takwas zuwa biyu, mutum uku kawai. Za a shimfiɗa tamfol a kan daɓensa da akurkin kajinsa, a share kullum kafin a tashi, a yi yaɓe hawa biyu da maganin hana shan ruwa a kwaɓin, sannan a kafa kwanon da zai rufe tsakanin bangon biyu. Har yanzu bakin nan a buɗe yake, an toshe shi da leda na wucin gadi, kuma shi ne abin da ya fi damunmu kafin Agusta.

Mai filin gabas ya aiko cewa zai fara nasa ginin bayan damina, yana son hawa kan layi. An aika masa kwafin takardar awon 22 ga Janairu da zanen harsashin katangarmu ta baya, wadda zurfinta santimita 60 ne, don injiniyansa ya san abin da zai tarar idan ya fara haƙa.